Gadon da ke cikin jini

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san wahalar ƙugiya. Ka rubuta "baki", ka ɗora ƴar ƙugiya bisa k, ya koma "baƙi". Ka rubuta "kafa", ka lanƙwasa kan harafin, ta zama "ƙafa". Abu kaɗan ne a ido, amma magana ta sauya gaba ɗaya. To, ƴan uwa, a cikin jikinmu ma akwai rubutu. A jikin sauro ma akwai. Wani lokaci harafi ɗaya tak yake sauyawa a cikin wannan rubutu, sai ka ga abin ya taɓa gida guda har jikoki.

Rubutun da ke cikin jiki

Da tubali ake gina ɗaki. Jikin mutum kuwa da wasu ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ana ce musu ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai an sa madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa a naɗe, kamar zare a jikin mazari. Masana suna kiransu kuromozom. Mu a nan bari mu ce musu zaren gado.

Mutum yana da zaren gado 46. Guda 23 daga uba, guda 23 daga uwa. Suna zaune biyu-biyu, kamar takalma. Da can masana sun daɗe suna cewa 48 ne. Sai a 1956 aka sake ƙirga su da kyau, aka ga 46 ne. Kun ga har masana sukan yi kuskuren lissafi.

A jikin zaren nan aka rubuta yadda mutum zai kasance: launin fata, tsawo, irin gashi, kamannin hanci, yadda jini zai yi aiki. Shi ya sa ake ganin yaro a ce ga kunnen kakansa, alhali kakan ya rasu tun kafin a haife shi. Baƙaƙen wannan rubutu huɗu ne kawai: A, T, G da C. Amma an jera su wajen miliyan dubu 3 daga wajen uba, da wasu kamar haka daga wajen uwa.

Kullum jiki yana yin sababbin ƙwayoyi, kuma duk ƙwayar da za a yi sai an kwafe mata rubutun. Ku tuna mai kwafar littafi da hannu. Kome gwanintarsa, wata rana alƙalami zai yi tuntuɓe: ya sauya harafi, ya tsallake layi, ko ya maimaita shafi. Haka yake a jiki. Yawancin tuntuɓen ba ya yin kome. Wani yakan kawo cuta. Wani kuma, can ba a rasa ba, yakan kawo amfani. In tuntuɓen ya faru a cikin maniyyin namiji ko ƙwan mace, sai ya bi ƴaƴa.

Mace ko namiji

Cikin zaruruwan nan 46 akwai biyu da suke raba mace da namiji. Mace tana da X da X. Namiji yana da X da Y. Uwa ba ta da abin ba jariri sai X, don shi kaɗai gare ta. Uba ne yake ba da X ko Y. In ya ba da X, mace za a haifa. In ya ba da Y, namiji. Shi ma ba da zaɓinsa ba ne, ikon Allah ne. Amma mai gidan da yake fushi da matarsa don tana haihuwar mata zalla, ya sani ta wajensa abin ya bi.

Zare ɗaya ya ƙaru

Wani lokaci wajen rabon zare akan yi kuskure, jariri ya samu 47 maimakon 46. Wanda aka fi gani shi ne zare mai lamba 21 ya zama uku maimakon biyu. Likitoci a Faris, babban birnin Faransa, suka gano haka a 1959. A asibitocinmu ana ce wa abin tirizomi 21. Cikin haihuwa 1000 ana samun kamar ɗaya, ko fiye kaɗan.

Yaro irin wannan jikinsa laƙwas yake tun yana jariri. Yakan makara wajen zama, da tafiya, da magana. Fuskarsa ƴar shimfiɗaɗɗiya, harshe yakan leƙo waje. Kusan rabinsu ana haifarsu da ciwon zuciya, don haka ya kamata likita ya saurari ƙirjin yaron tun da wuri. Abin ya fi samun matan da suka haura shekara 35 ko 40, amma yakan samu yarinya ƙarama ma. Ba wani abinci uwar ta ci ba. Ba fitar dare ta yi da ciki ba. Ba ɗan ruwa ba ne, ba musanyar aljannu ba ce. Ɗan mutum ne da zarensa ya ƙaru da ɗaya. In an yi haƙuri da shi yana koyon magana, da wanka, da kiwo, da ƙananan ayyukan gida, sai dai a hankali.

Gidan da ake yawan jana'izar yara

Yanzu ga babbar maganar. Kowa a ƙasar Kance ya san gida irin wannan. Miji lafiyayye, yana noma, yana saran rake a fadama. Mata lafiyayya, tana daka, tana ɗebo ruwa. Sai a haifi yaro kyakkyawa. Ya kai wata shida ko bakwai, sai hannuwa da ƙafafu su kumbura, ya yi ta kuka ba a san abin da ke damunsa ba. In ya girma kaɗan sai ciwon ƙashi, musamman da hunturu ko in ruwan sama ya dake shi. Ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Tafin hannu ya yi fari fat. Wani ya rasu kafin yaye, wani kafin kaciya. In aka yi biyu ko uku haka, sai a ce matar wabi take yi. Uwar miji ta fara magana. A zargi kishiya, a zargi wata tsohuwa a unguwa. Awaki su ƙare wajen neman magani.

Sau da yawa sunan wannan cuta amosanin jini. A Nijeriya ana ce mata sikila, kalmar kuwa daga Turanci take, ma'anarta lauje. Ga dalilin sunan.

Abin da ya sa jini yake ja, wasu ƙwayoyi ne a cikinsa, zagayayyu, masu laushi. Su ne masu kai iskar da muka shaƙa ko'ina a jiki. Saboda laushinsu suna ratsa ƙananan hanyoyin jini da suka fi gashi siranta. A wajen mai amosanin jini, ƙwayoyin nan sukan lanƙwashe su yi tauri, su koma kamar lauje. Lauje kuwa ba ya wuce ƙaramar hanya salin-alin. Sai su sarƙe, su toshe hanya. Inda jini bai kai ba, nan ciwo yake tashi. Kuma ƙwayar jini mai lafiya tana yin wajen kwana 120 tana aiki, amma mai kamar lauje kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Shi ya sa kullum yaron jininsa a ƙasa yake.

Wani likita a birnin Cikago na Amurka ne ya fara rubuta labarin waɗannan ƙwayoyi a 1910. Daga baya aka bi diddigi har aka kai ga tushen. Me aka tarar? Harafi ɗaya. A wani wuri a zare mai lamba 11, inda ya kamata a ga A, sai aka ga T. Shi ke nan. Cikin baƙaƙe miliyan dubu 3, ɗaya ya sauya. Ƙugiya ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi".

Yadda ake gadonsa

Mun ce zaren gado biyu-biyu ne. Don haka kowa yana da wannan rubutu na jini sau biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Likitoci suna kiran mai kyau A, wanda ya sauya kuma S.

Wanda ya gaji A daga uba, A daga uwa, shi ne AA. Wanda ya gaji A ta gefe ɗaya, S ta ɗaya gefen, shi ne AS. Mai AS ba majinyaci ba ne. Yana noma, yana dambe, yana tsufa, galibi bai ma san yana ɗauke da kome ba. Wanda ya gaji S ta wajen uba, S ta wajen uwa, shi ne SS, shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani da ake kira C. In ya haɗu da S, wato SC, shi ma yana kawo ciwo, ko da yake galibi bai kai na SS tsanani ba.

Ku lura da kyau. Yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da nasa, uwa ta ba da nata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk gidan da aka haifi SS, to, da mijin da matar kowa ya sa hannu, ba da saninsu ba. Mutumin da ya saki matarsa don wabi, in ya sake auro wata mai AS, abin da ya gudu shi zai tarar.

In mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki abu huɗu ne ke iya faruwa: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Amma kada a ɗauka layi ake bi, wai in an haifi SS ɗaya sai lafiyayyu uku su biyo. A'a. Kowane ciki sabon lissafi ne. Wani gida a haifi shida babu SS ko ɗaya. Wani gida uku a jere. In kuwa AA ya auri AS, ba za a haifi SS ba.

A nan maganar auren zumunci take shigowa. Auren gida ba shi ne ya ƙirƙiro S ba, kuma bare da bare ma suna haihuwar SS. Sai dai ɗan wa da ƴar ƙane kakansu ɗaya. In kakan yana da S, ba wuya su biyun duk sun gaje shi. Haka zabiya ma take fitowa: uba baƙi, uwa baƙa, amma kowannensu yana ɗauke da rabin abin a ɓoye.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasarmu?

Tambaya ce mai kyau. Abin da ke kashe yara, ai kamata ya yi ya ƙare da kansa. Me ya hana? Amsar tana wajen sauro.

A 1954 wani likita mai suna Antoni Alison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa yaro mai AS masassarar cizon sauro ba ta cika yi masa mugun kamu ba. Yana kamuwa, amma ba kasafai take kai shi kabari ba kamar mai AA. Shekaru aru-aru, a ƙasashen sauro, yara masu AS sun fi tsira, sun girma, sun haihu, sun ba ƴaƴansu S. Wato harafin nan guda garkuwa ne in ya zo shi kaɗai, in ya zo biyu kuma ya zama cuta.

An ga haka a kusa da mu. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban aiki kan masassara a ƙauyukan Garki. A lokacin Garki tana cikin jihar Kano, yanzu tana jihar Jigawa. Ƙasa ce irin tamu, ta Hausawa manoman gero da dawa, masu damina ɗaya. An auna jinin dubban mutane. Aka tarar wajen mutum 1 cikin 4 AS ne. Cikin jarirai 100 kuma wajen 2 SS ne. Amma da aka duba manya, da ƙyar ake samun SS. Ina suka tafi? Sun rasu tun suna ƙanana, ba tare da kowa ya san sunan ciwonsu ba.

Yau ba dole ne haka ta faru ba. Akwai masu SS da suka yi karatu, suka yi aure, suka haihu. Abin da ke riƙe su ba wani asiri ba ne. Yaron ya sha ruwa da yawa, ko bai ji ƙishirwa ba. A rufe shi da hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan randa da asuba. Ya kwana cikin gidan sauro, domin shi SS masassara tana iya kashe shi da sauri. A yi masa allurar rigakafi duka. In jikinsa ya yi zafi, ko ya yi fari, ko gefen cikinsa na hagu ya kumbura, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. Kada a kai shi wajen wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga, mai ƙarancin jini ba a ƙara zubar masa da shi. Akwai magungunan da likita yake rubutawa na ƙarin jini, da na kare ƙwayoyin cuta, da wanda ke rage yawan tashin ciwon. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa da aka ware don wannan cuta. Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara kuma duniya take tunawa da masu ita.

Sai awon jini kafin aure. A jihar Kano an yi doka a 2024 cewa sai an yi awon kafin a ɗaura aure. A ganina, ko babu doka, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa ya kamata a yi shi, ba sai an sa rana an ɗinka kaya ba, lokacin da janyewa ta zama abin kunya. Ku tambayi likitan Kance ko asibitin Matamai inda ake yin awon. Amma ku faɗi abin da kuke so sarai. Awon rukunin jini, wanda ake cewa O ko A ko B, na ƙarin jini ne, daban yake. Wanda muke magana shi ne mai nuna AA, AS ko SS. Mutane da yawa suna rikita su.

Sauro ma yana da nasa

Da ƙwari aka fara gane yawancin wannan ilimi. Kun san ƴan mitsi-mitsin ƙudajen da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro? A 1910 wani malami a Amurka, Tomas Mogan, yana kiwon irinsu cikin kwalabe. Idonsu ja ne. Ran nan sai ya ga namiji ɗaya mai farin ido. Ya haɗa shi da mata, ya ƙirga ƴaƴa da jikoki, har ya gane cewa gado a jikin zaren nan yake tafiya.

Sauron da ke kawo masassara zarensa 6 ne kawai. A lokacin aikin Garki, wani masani ɗan Italiya, Mariyo Koluzi, ya duƙufa kan duba zaren sauron Nijeriya da madubi. Ya ga a wasu sauro wani yanki na zaren ya tsinke ya sake haɗewa a juye, kai ya koma ƙafa. Kamar a ciro tsakiyar layi a rubuta shi daga ƙarshe zuwa farko. Ya kuma lura cewa wani irin juyin ya yi kaɗan a kudu mai ruwa, amma in ana yin arewa sai ya yi ta ƙaruwa. Masu shi sun fi jure fari da bushewar iska. Wato sauron ƙasarmu ya gaji juriyar rani kamar yadda geronmu ya gada. Juyin zaren har yana da hannu a inda sauro yake son hutawa, cikin ɗaki ko waje. A Garki an fesa magani a bangon ɗakuna damina biyu, masassara ta ragu, amma ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne wasu sauro suna cizo su fice waje, ba su sauka a bango ba. A 2013 aka raɗa wa wani jinsin sauro sunan Koluzi, kuma jinsin yana nan da yawa a ƙasashen Sahel.

Ga wani abin kuma da ya shafi ɗakin kowa. A 2005 da 2006 an raba gidan sauro mai magani, sange ke nan, wajen miliyan 2 a faɗin Nijar. Maganin da ke jikin sangen yana kama jijiyar sauro ya kashe shi. Amma cikin sauro akwai ƴan kaɗan da harafi ɗaya ya sauya musu a daidai wurin da maganin yake kamawa. Su maganin ba ya kayar da su da sauri. Masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai sun bi sawun abin, suka ba da rahoto a 2008 cewa masu wannan harafi sun ƙaru bayan rabon.

A gane da kyau: ba maganin ne ya koya wa sauro dabara ba, ba kuma sabawa ya yi ba. Masu harafin suna nan tun da. Magani ya kashe sauran, ya bar su, kamar rariya ta zubar da gari ta riƙe tsaki. Su suka hayayyafa. Manomi ya san wannan, don shi ma zangarniyar da ta jure fari yake ajiyewa iri. Sauro kuwa daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi kwana 10 zuwa mako biyu ba, don haka cikin damina ɗaya sai a yi kaka da jika da tattaɓa-kunne. Feshin da ake yi barkatai a lambu da gona shi ma rariya ne, domin ruwan da ke kwance a wurin nan sauro yake ƙyanƙyasa.

Kada wani ya ji haka ya naɗe sangensa ya kai lambu ya rufe tumatir. Ko maganin ya rage ƙarfi, ragar tana tare sauro muddin ba ta yage ba. In ta yage a ɗinke. Kuma yanzu ana yin sange mai magani iri biyu, wanda in sauro ya tsallake ɗaya, ɗayan ya kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irinsa a 2023.

Aikin aji

A kawo ƙwarya biyu. Ɗaya ta miji, ɗaya ta mata, dukansu AS. A kowace ƙwarya a sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Fari shi ne A, ja shi ne S. Mutum biyu su rufe ido, kowa ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga ƙwaryarsa. Abin da suka haɗa shi ne jariri. Wani ya rubuta a allo: AA, AS ko SS. A mayar da waken, a girgiza, a sake. A yi sau 40, sannan a ƙirga SS nawa aka samu, a kuma duba ko sun taɓa zuwa biyu a jere. Daga nan a cire jan wake daga ƙwaryar miji, a sa fari a madadinsa, a sake yi sau 40.